Malam Maman Barka da rabin aikin da ya rage mana



Akwai wata sana'a da ake yi a wasu ƙasashe wadda mu nan ko suna ba mu raɗa mata ba. Mutum ne zai yi karatu har ya kai farfesa, aikinsa a jami'a shi ne koya wa malaman firamare yadda za su koya wa yara waƙa da kiɗa. In ya koma gida kuma ya zauna ya rubuta ƙananan littattafai domin yaran nan. Ana biyansa albashi a kai, ana girmama shi. To ka je tashar Dutsi ka ce ɗanka ya ƙare karatu, ya zama farfesan kiɗa. Mai kawaici a cikinsu shi ne zai ce "Allah shi sa albarka" ya kau da kai. Sauran sai su tambaye ka ko dama akwai roƙo a gidanku.

Ni tsohon mushe ne. Na riƙe alli shekaru masu yawa a ƙauyukan da ke tsakanin Dutsi da Tibiri, kuma yau ina ganin wagga sana'a da muke yi wa dariya tana cikin abubuwan da munka fi buƙata. In na duba ƙasarmu ina neman wanda ya fi kusa da ita, sunan da ke fara zo mini shi ne na marigayi Malam Maman Barka.

Waɗanda sunka girma da rediyo da kaset sun san muryarsa. An haife shi a Tesker, can cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya. Ya yi lakwal, ya fito malamin makaranta, saboda haka "Malam" ɗin da ke gaban sunansa na aji ne da alli, ba na ado ba. Da gurumi ya yi suna. Ya yi waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci, har sunansa ya tsallaka iyaka ya shiga Najeriya. Da a nan ya tsaya, da mun ce mawaƙi ne mai farin jini, Allah shi jiƙansa, shi ke nan.

Amma a 2002 ya yi wani abu da har yau in na tuna sai in jinjina kai. Ya samu tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi bakin Tafkin Cadi wajen Buduma masunta, neman wani abin kiɗa da ake kira biram. Biram tsirkiya biyar gare shi, jikinsa kamar ƙaramin jirgin ruwa, kuma Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba. A lokacin wani tsoho guda ne anka sani ya rage wanda ya iya shi sosai, sunansa Bukar Tar. Matasan wurin sun juya masa baya. Maman Barka ya zauna gabansa ya koya, tsohon kuma ya ba shi nasa biram ɗin. Bayan haka ne biram ya fita duniya: ya kaɗa shi a bikin WOMAD a Ingila a 2008 tare da Umaru Adamu mai duma, a 2009 kuma faifansa na biram ya fito a can Ingila. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018.

Ku tsaya ku dubi tafiyar nan da kyau. Mutum ya haura shekara arba'in, sunansa ya cika ƙasa, in ya shiga gari ana nuna shi da yatsa. Sai ya je ya durƙusa gaban tsohon masunci a matsayin ɗalibi, a kan abin kiɗan da ba na ƙabilarsa ba, cikin harshen da ba a kansa ya tashi ba. Mawaƙa nawa kunka sani da za su yi haka? Ni a ganina ba mawaƙin ba ne ya yi tafiyar, malamin ne. Ɗan makaɗi yana koyon kalangu kamar yadda yake koyon magana, tun yana goye yana ji, hannunsa ya iya tun kafin kansa ya gane. In ka ce ya bayyana maka yadda ake yi sai ya ce "ga shi nan, duba". Malamin aji kuwa an horar da shi ya kakkarya abu gutsure-gutsure, ya san wane ne na fari, wane ne na biyu, ya san inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Kuma ya san abin da makaɗi ba ya son tunawa: ilimin da ke cikin kan mutum guda kwanansa ƙidayayye ne.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda anka buɗe sama da shekaru talatin da sunka wuce, kuma an tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasarmu a cikinta. Muna da masana kuma. Dakta Mahaman Garba ya rubuta kundin digirinsa na uku a Strasbourg ta Faransa a 1992 a kan kiɗan Hausawan Nijar. Duka aiki ne mai kyau. Sai dai daga Dutsi zuwa Yamai kilomita 270 ne da ƴan kai, kundin kuma da Faransanci yake, yana cikin ɗakin karatu na jami'a. Yarinyar da ke CE1 a Dumega ba ta da hanyar zuwa ko ɗaya daga cikinsu. Goge kuma in yana rataye a bango ba a kaɗa shi, ƙwarya ce kawai da fata da izga.

Wannan shi ne rabin farko na sana'ar, wato kiɗa da koyar da shi. Rabi na biyu shi ne littafin yara, kuma shi ma mun taɓa samun mai yi. Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, malamin lakwal ne tun zamanin Turawa kafin ya zama shugaban majalisar dokoki. Duk da nauyin da ke kansa ya zauna tare da wata marubuciya Bafaranshiya, Andrée Clair, sunka fitar da littattafan yara irin su L'Aventure d'Albarka da Founya le vaurien. Dattijo mai wannan matsayi bai ga rubuta wa yara ƙasƙanci ne ba. A Kano kuma Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi shida, Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara. Waɗannan da Hausa suke, kuma duk malamin da ya taɓa samun ɗaya a hannunsa ya san darajarsa.

To ina matsalar? Bari in ba ku abin da na gani da idona.

Wata shekara wani abokina ɗan kasuwa ya kawo mini ɗan littafin tatsuniyoyi na Hausa daga Sakkwato. Ran Juma'a da hantsi, in yara sun gaji da lissafi, sai in karanta musu guda. Kun san tatsuniyarmu, ba ta tafiya ba waƙa a tsakiya. Yarinya ta faɗa rijiya sai ta rera, tsuntsu ya zo da saƙo sai ya rera. A takarda kalmomin waƙar suna nan, layi huɗu ko biyar, amma muryar ba ta nan. Marubucin ya san yadda ake rera ta, takarda ce ba ta iya ɗauka ba. Ran nan na iso wurin waƙa, ina karanta ta kamar wasiƙa, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, kakata ta iya wagga, amma ba haka take cewa ba." Na ce to tashi ki yi muna. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta fara a hankali. Kalmomin sun ɗan bambanta da na littafi, nata na Arewa ne. Kafin ta kai layi na uku aji duka ya ɗauki amshi, ba wanda ya ce su yi. Yaran da tun safe nake fama su buɗe baki, ga su suna tafi. Bayan sati biyu na tambaye su labarin, babu wanda ya manta ko gaɓa guda.

Tun ranar na gane cewa marubuci shi kaɗai rabin waƙa yake adanawa. Makaɗi shi kaɗai kuma yana riƙe da ita duka, amma ranar da anka kai shi makwanci da ita zai tafi. Shi ya sa sana'ar nan take haɗa biyun a jikin mutum guda.

Ga harshenmu kuwa abin ya fi tsanani. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna wasali dogo da gajere. "Gari" da ake zama cikinsa da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi duk rubutu ɗaya ne. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama haka. Yaro yana rabe su ne da kunne, kuma ba abin da ke wasa kunne kamar waƙa, domin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya, in ka ja inda ba a ja ko ka gajarta inda ake ja, ƴan amshi za su yi maka dariya nan take. Yarinyar da ta yi shekara biyar a dandali ta riga ta san awon waƙa tun kafin wani ya gaya mata sunansa.

Wasu ƙasashe sun samu mutanen da sunka riƙe igiyar ta kai biyu. A Gana akwai Farfesa Kwabena Nketia, wanda anka haifa a 1921 ya rasu a 2019. Shi ma daga makarantar horon malamai ta Akropong ya fito. Ya bi tsofaffi yana rubuta waƙoƙinsu, ya yi rubuce-rubuce da harshensa na Twi, ya shugabanci cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon, ya koyar a Amurka, littafinsa The Music of Africa na 1974 kuma har yau ana karanta shi. A Turai akwai Zoltán Kodály na ƙasar Hangari. Tun 1905 ya shiga ƙauyuka yana ɗaukar waƙoƙin manoma, daga baya ya ce a gina darasin waƙa na makarantun ƙasar a kansu, ya kuma shirya wa yara littattafan rerawa. Hujjarsa mai sauƙi ce: yaro ya fara da waƙar da uwarsa ta san ta, kamar yadda yake farawa da harshenta. Yau malamai a ƙasashe da dama suna bin hanyarsa. Manoman Hangari ba su fi na Dallol Mawri waƙa ba. Wanda zai zauna ya rubuta ne sunka samu.

Mu kuwa a lakwal akwai darasin da ake kira chant. Duk wanda ya zauna benci ya san shi. Waƙoƙin Faransanci ne munka haddace, muna rerawa da iya ƙarfinmu, rabin kalmomin ba mu san ma'anarsu ba. Ban raina su ba, sun taimaka wa bakinmu ya saba da harshen. Amma da an tashi, a bakin rijiya da gindin turmi da dandali akwai wata makarantar waƙa wadda ta fi tamu nisa, kuma ba wanda ya taɓa ce muna ita ma ilimi ce. A zamanin samariya, lokacin da ake gasar matasa tsakanin jihohi, an ɗan tuna da ita. Na ga malamai suna bin tsofaffi suna tambayar tsohon kiɗa da tsohuwar rawa domin a kai gasa. Da gasar ta wuce sai kowa ya koma ajinsa.

Abin da ya fi damuna yau ba goge ba ne, ba gurumi ba ne. Su aƙalla suna da masu su, ana kiransu biki, ana ɗaukarsu a waya. Gaɗa ce ke damuna. Ƴan mata su yi da'ira da farin wata, guda tana bayarwa saura na amsawa, tafi yana tafiya iri-iri, wata ta saki jiki ta faɗo da baya a cafe ta a cilla. A nan ake ƙirƙirar waƙa nan take, a yi wa saurayi marowaci habaici, a yi wa ƙawar da za a kai ɗaki ban kwana. Ba ta da maroƙi, ba ta da ubangida, ba a biyan kowa. Saboda haka ba ta da mai kare ta. Haka waƙar raino, da ta daka, da ta niƙa wadda injin niƙa ya riga ya kashe a garuruwa da yawa, da waƙoƙin tashe na azumi, da na wasannin maza irin langa. Yanzu in dare ya yi yara suna kewaye da waya guda suna kallon fim. Ban ce laifinsu ba ne, mu ma da mun samu da mun kalla. Amma ku gwada: ku tara ƴan mata biyar masu shekara goma sha biyu a unguwarku ku ce su yi muku gaɗa uku cikakku. Sannan ku tambayi kakarsu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, domin na sha jinsa a majalisa. Na farko, kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya yi. Na biyu, a nan Arewa in an ce goge sai a tuna bori, kuma iyaye ba su kai ɗiyansu lakwal don wannan ba. Na uku, yaran da ba su iya karanta sunansu ba, wace waƙa za a koya musu?

Na biyun ina girmama shi, kuma ba ni da niyyar jayayya da malaman addini a kan abin da sunka fi ni sani. Ba wanda ya ce a kawo garaya da ƴan bori cikin aji. Waƙar da uwa ke yi wa jariri don ya yi barci, da wadda yara ke ƙidaya da ita, ba su da haɗi da wannan. Makarantar allo da islamiyya ma sun daɗe da sanin sirrin: abin da anka rera ya fi zama a kai bisa abin da anka faɗa, shi ya sa malamanmu na da sunka zuba fiƙihu da tauhidi cikin waƙa. Na farkon kuwa, roƙo daban, koyarwa daban. Mai koya wa yara waƙa ba ya yi wa kowa kirari don a ba shi riga. Amsar na ukun tana cikin labarin yarinyar bencin baya. Yaro ya fi saurin karanta abin da bakinsa ya riga ya iya. Ka rubuta masa waƙar da ya sani a allo, ka bi da yatsa yana rerawa, sai ka ga ya fara gane baƙaƙen da kansa. Waƙa ba ta cin lokacin karatu, hanya ce ta shiga cikinsa.

Kuma lokaci ya zo da maganar ta wuce ta sha'awa. Tun 1973 anka fara gwada koyarwa da Hausa a makarantar gwaji a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, in Hausa za ta ƙara samun wuri a aji, mi yaran za su karanta? Mi za su rera? In ba mu tanadi namu ba, za a ɗauko waƙoƙin wasu a juya su zuwa Hausa, kalma ta Hausa murya ta wani wuri, karin sautin duk a karye. Ko kuma a kawo komai daga Kano. Ina ƙaunar Hausar Kano, amma ɗan Matankari yana da haƙƙin ya ga "munka" da "wagga" a cikin littafi ya san maganar gidansu ma ana rubuta ta.

Abin da nake fata shi ne a makarantar horon malamai ta Doso a samu ko mutum guda wanda aikinsa ke nan: ya san kiɗa, ya san aji, ya san rubutun Hausa, ya tura kowane ɗalibin malanta ƙauyensu lokacin hutu ya dawo da waƙoƙin yara goma. Daga nan a zaɓa, a buga ƙananan littattafai masu zane, rediyoyinmu na gari kuma su riƙa sa muryoyin. Wannan ya fi ƙarfina, na masu hukunci ne.

Amma akwai abin da bai fi ƙarfin kowa ba a cikin masu karanta wanga rubutu. Abin da ya gagari takarda a zamanin Bubu Hama yau yana cikin aljihunku. Maman Barka sai da ya ratsa ƙasa kafin ya iske Bukar Tar, ku kuwa taku tsohuwar tana cikin gida, wataƙila yanzu haka tana gyaran wake a tsakar gida. Ku zauna kusa da ita da waya. Kada ku ce "Inna, yi mini waƙa", za ta ce ta manta, ko ta ce ta tsufa da wannan shirme. Ku tambaye ta wace ce ta fi iya bayarwa a dandalinsu, wace waƙa anka yi mata daren da za a kai ta ɗaki. Za ta fara da labari, waƙar za ta biyo baya da kanta. In kun ɗauka, ku rubuta kalmomin a kaye yadda ta faɗe su, kada ku gyara mata Hausa. Ku sa sunan garin da ta koye ta, da lokacin da ake yin ta, da yadda ake tafin. Ku nemi izininta kafin ku sa muryarta a intanet, wasu ba su so, kuma suna da gaskiya.

In da hali ku kira mata ƙawarta guda ko biyu na zamaninsu. Gaɗa ba ta yiwuwa da baki ɗaya, sai da mai bayarwa da masu amshi, kuma sau da yawa baitin da ya ɓace wa ɗaya yana nan wurin ɗayar.